Farin garin da ke cin alminiyam: tambayar da ya kamata a riƙa yi wa masu ƙera jirgi a gida

Duk mai babbar waya a Dutse da kewaye ya san irin wannan bidiyon. Matashi ne tsaye kusa da jirgin sama ko mai saukar ungulu da ya harhaɗa a tsakar gida, fenti sai ƙyalli yake, farfela na juyawa, yara sun yi masa zobe. A ƙasan bidiyon kuwa sharhi ne rututu, ana sa albarka, ana kiran gwamna da sanata su zo su tallafa. Tambayoyin da ake yi ba su wuce biyu ba: yana tashi? Mutum nawa yake ɗauka?

Akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba, kuma ita ce ke raba abin kallo da abin da za a iya amince wa da rai: mene ne a ƙarƙashin fentin nan? Yawancin irin waɗannan jirage da alminiyam ake yin su, wanda aka tsinto wajen 'yan gwangwan ko aka yanko daga ragowar kwanon rufi da firam ɗin taga. Jama'a kuma sun riga sun yarda cewa alminiyam ba ya tsatsa. Wannan yardar kuskure ce, kuma a harkar jirgi kuskure ne mai iya kisa. Ya kamata masu ƙira su daina rufe ƙarfen da ba su bincika ba da fenti, masu kallo su canja abin da suke yabawa, makarantun da ke Dutse kuma su buɗe wa waɗannan matasa ƙofa.

Abin da ya faru a Kano a 2007

Sha'awar ƙera jirgi a gida ta daɗe a Arewa. A shekarar 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, mai shekara 24 a lokacin. Ya shafe wata takwas yana ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen alminiyam, ya saka masa injin tsohuwar Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga ragowar wani Boeing 747 da ya yi hatsari. Da kuɗin gyaran kwamfuta da wayar salula ya riƙa sayen kayan, a intanet kuma ya karanta yadda irin wannan jirgi ke tashi. Rahoton ya ce jirgin bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, ba shi da na'urorin auna tsayi da yanayin iska, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ba ta nuna sha'awar zuwa ganinsa ba.

Hazaƙar Mubarak ba abin musu ba ce, kuma ya yi wannan aiki ne a zamanin da sai an je kafe ake shiga intanet. Amma labarin ya nuna giɓin da har yau bai cike ba: matashi mai basira, kayan da ba a san tarihinsu ba, da rashin wanda zai duba aikin da idon ƙwararre. Ƙarfen da ya fito daga jirgin da ya faɗi, ya kwana shekaru a rana da ruwa, ba wanda zai iya rantsewa a kan ƙarfinsa ta hanyar kallo kawai.

Me ya sa ake cewa ba ya tsatsa?

Maganar tana da tushe. Da zarar alminiyam ya haɗu da iska, sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba, wato ido ba ya ganinta ko kusa. Idan aka karce ta, sai ta sake fitowa da kanta nan take. Baƙin ƙarfe ba shi da wannan gatan. Tsatsarsa ja ce, tana ɓarewa tana buɗe sabon wuri, har ya ƙare. Shi ya sa tukunyar alminiyam ke shekara da shekaru a madafa alhali kwanon baƙin ƙarfe ya huje.

Sai dai wannan fatar tana da maƙiya, kuma duk suna nan a gidajen Jigawa. Duk macen da ta taɓa dafa abu da kanwa a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikinta ke yin baƙi. Kanwa da soda da ruwan toka da ɗanyen siminti suna narkar da fatar. Gishiri kuwa huda ta yake yi, ya bar ƙananan ramuka kamar tsinin allura. Haka ma zufar hannu, da ruwan bilic na wanki, da takin zamani, da ruwan batir, da kashin tsuntsaye da jemage, da fitsarin ɓera.

Bambancin shi ne tsatsar alminiyam ba ta yin ja. Fara ce ko toka-toka, kamar an barbaɗa garin alli. Mutum zai ɗauka ƙurar hunturu ce, ya sa tsumma ya goge, ya shafa fenti. Ramin da ke ƙasa kuwa yana nan yana ci.

Mai waya ma yana iya ganin misalin a hannunsa. Wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu jikin alminiyam ana ƙara wa fatarsu kauri ne a masana'anta ta hanyar lantarki, a nan ne ma ake saka musu launi. Duk da haka, tsohuwar kwamfutar da ta sha zufa takan yi ƙananan ramuka daidai inda tafin hannu ke kwanciya. Abin da zufa ta yi wa kwamfuta ba ya wuce muni. A fiffiken jirgi kuwa, irin wannan ramin shi ne mafarin tsaga.

Alminiyam suna ne kawai, iri-iri ne

Tsantsar alminiyam mai laushi ne, ba ya iya ɗaukar nauyin jirgi. Abin da ya sa ake son sa shi ne rashin nauyi, domin kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe mai girmansa. Don a ba shi ƙarfi sai an gauraya shi da wasu ƙarafa. A 1906 wani Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya gano cewa idan aka haɗa shi da ɗan jan ƙarfe, aka gasa, aka tsoma a ruwa, aka bar shi ya kwana biyu, ƙarfinsa yana ƙaruwa sosai. Daga nan aka samu hanyar ƙera jiragen ƙarfe.

Kowane haɗi yana da lamba. Na jikin jirgi da aka fi sani shi ne 2024-T3, mai jan ƙarfe kusan kashi huɗu da rabi cikin ɗari. Akwai 6061-T6, wanda bai kai shi ƙarfi ba amma ya fi shi jure tsatsa, da 7075 mai ƙarfin gaske. Masu bin labarin wayoyi za su tuna ce-ce-ku-cen da aka yi a 2014 kan lanƙwashewar iPhone 6 Plus a aljihu, da yadda Apple ya koma amfani da alminiyam na jerin 7000 a iPhone 6s a 2015. Duka biyun alminiyam ne, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba.

Ga inda matsalar take. Jan ƙarfen da ke ba 2024 ƙarfi shi ne kuma ke sa shi saurin tsatsa. Domin magance haka, a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da farantin da ake kira Alclad: ƙaƙƙarfan haɗin a tsakiya, siririn tsantsar alminiyam a sama da ƙasa. A siraran farantai, wannan rufin kusan kashi biyar cikin ɗari ne na kaurin farantin a kowane ɓangare. Fatar ƙaramin jirgi takan kasance tsakanin rabin milimita da milimita ɗaya, ke nan rufin bai kai kaurin gashin kai ba. Wanda ya sa injin gurza ƙarfe ko samfefa mai kaushi don ya ga ƙyalli, ya share kariyar cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da ya sani ba.

Kwanon rufi da tukwane kuwa daga haɗi mai laushi ake yin su, wanda 2024-T3 ya ninka ƙarfinsa kusan sau uku ko fiye. Mai sayarwa a Ƙofar Ruwa a Kano ko a rumfar 'yan gwangwan a Dutse da kilo yake awo, ba ruwansa da lamba. Farantin jirgi na ainihi yana zuwa da lambarsa a buge a jiki tun daga masana'anta. Idan babu lamba, to ba a san ko mene ne ba, kuma abin da ba a san ƙarfinsa ba bai kamata ya ɗauki mutum sama ba.

Kura-kurai huɗu da ake gani a bidiyo

Na farko shi ne haɗa ƙarafa mabambanta. Idan alminiyam ya taɓa baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe, kuma danshi ya shiga tsakani, sai su zama ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne kuma ke narkewa. Shi ya sa farin garin ke taruwa a gindin noti da ƙusa. Duk wanda ke da sola a rufin gida zai iya hawa ya duba inda aka ɗaure firam ɗin da notin ƙarfe bayan damina biyu ko uku. Ribit na kasuwa mai tsinken baƙin ƙarfe a ciki ma haka yake yi. Masu harhaɗa jirage marasa matuƙi su lura cewa sandunan kabon-faiba ma suna cin alminiyam ta wannan hanyar, har ma sun fi ƙarfe ɓarna. Saboda wannan dalili ne makanikan jirgi ba sa zana layi a kan faranti da fensir, domin bakin fensir dangin kabon ne. Maka suke amfani da ita.

Na biyu shi ne gogewa da soson ƙarfe ko burushin waya. Wurin zai yi ƙyal-ƙyal, amma ƙananan ɓurɓushin baƙin ƙarfe sun nutse a cikin alminiyam ɗin, kowanne ya zama tushen sabon rami.

Na uku shi ne walda. Ba a yi wa 2024 da 7075 walda ta hanyar da aka saba, domin suna tsagewa. Shi kuma 6061-T6 yana karɓar walda, amma wurin da wuta ta taɓa yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Wannan ne ya sa jikin jiragen da ke sauka a filin jirgin Dutse yake cike da layukan ribit.

Na huɗu, kuma mafi yawa, shi ne shafa fentin mota kai tsaye. Idan an rufe gishiri ko danshi a ƙasa, tsatsar takan yi tafiya ƙarƙashin fentin kamar hanyar gara a jikin bango, zare-zare. Kafin fentin ya kumbura a gani, ɓarnar ta yi nisa.

Me ya sa ƙaramin rami zai zama abin tsoro?

Wanda ya taɓa yaga ledar biskit ya san amfanin ɗan yankan da ke gefenta: daga nan take yagewa cikin sauƙi. Ramin tsatsa haka yake a jikin faranti. Fiffike da farfela suna lanƙwasawa suna dawowa dubban sau a kowane tashi, injin kuma yana girgiza komai. Nauyin yana taruwa a bakin ramin har tsaga ta fara, ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. Alminiyam kuma yana gajiya da maimaita lanƙwasa ko da nauyin bai da yawa.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. Ranar 28 ga Afrilu, 1988, jirgin Aloha Airlines mai lamba 243, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawai. Yana ƙafa 24,000 a sama sai wani babban ɓangare na rufinsa, kusan ƙafa 18, ya yage ya tafi. Ma'aikaciyar jirgi ɗaya ta rasa ranta, mutane da dama sun ji rauni, matuƙan kuma suka samu suka sauke shi a tsibirin Maui. Bincike ya gano gajiyar ƙarfe a layukan ribit, a mahaɗar da gam ya saki kuma tsatsa ta shiga, a jirgin da ya yi tashi da sauka kusan 90,000 cikin iskar teku mai gishiri. Wata fasinja ta shaida wa masu bincike cewa ta ga tsaga a jikin jirgin lokacin da take shiga, amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ko a duniyar masu harhaɗa jirgi a gida abin ya faru. Kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon a Amurka, wanda sama da jirage 10,000 na ƙirarsa suka tashi, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Disamban 2023. Cikin dalilan da kamfanin da kansa ya bayar har da wani fentin ƙasa da ɗan kwangilarsa ya shafa wa sassan jirage, wanda ya jawo musu tsatsa har aka yi asarar kaya masu yawa. Idan kamfanin da ya shekara hamsin a wannan sana'a zai yi tuntuɓe a kan fentin ƙasa, mai gwangwanin fenti a tsakar gida ya kamata ya yi hattara.

Amma ai Jigawa busasshiyar ƙasa ce

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo, kuma tana da gaskiya a ciki. Rashin danshi yana kare alminiyam. Shi ya sa sojojin saman Amurka ke ajiye dubban tsofaffin jirage a hamadar Tucson ta jihar Arizona. Mai ƙira a Dutse ko Kiyawa ko Jahun ya fi na Legas ko Fatakwal sa'a, domin babu iskar teku, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu iska a bushe take.

Sai dai shekara ba ta ƙarewa a Afrilu. Ƙurar hunturu tana shiga kowace mahaɗa ta kwanta. Idan damina ta kankama, musamman a Agusta, ƙurar nan sai ta sha danshi ta riƙe shi kamar soso a daidai wurin da ido ba ya kaiwa. Aikin jirgi kuma yakan ɗauki watanni ko shekaru, kayan suna jingine a zaure ko shago, wani lokaci kusa da buhunan taki ko batirin sola ko akurkin kaji. Farantan da aka jibga a kan juna a daɓen siminti, ruwa ya ratsa tsakaninsu, sukan yi farin tabo cikin 'yan kwanaki. Ledar da ake liƙa wa sabon faranti ma tana iya riƙe danshi idan gefenta ya ɗaga. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san inda ruwa ke iya kaiwa a cikin gida. Tarkacen da ake saye kuma ba a san daminar da suka sha ba kafin su iso.

Hujja ta biyu ita ce tsada. Farantin jirgi na ainihi daga waje ake shigo da shi, da dala. Gaskiya ne. Amma amsar ita ce a daidaita buri da abin da ke hannu. Tarkacen alminiyam ya isa a yi jirgin gwaji mai rimot, ko samfurin nuni da ba zai bar ƙasa ba, ko a koyi yanka da huda da buga ribit. Kowane injiniyan jirgi daga nan ya fara. Abin da bai dace ba shi ne a ɗora ɗan'adam a kai, ko a kunna farfelar da aka yi da ƙarfen da ba a sani ba alhali yara sun kewaye ta. Farfelar da ta tsinke tana cikin juyawa ba ta zaɓen wanda za ta samu.

Hujja ta uku ita ce irin wannan magana tana kashe wa matasa gwiwa. Abin da ke kashe gwiwa a zahiri shi ne a yi ta yabon mutum mako guda, a ba shi kyautar kuɗi a gaban kyamara, sannan a manta da shi, jirgin kuma ya ƙare a bayan gida kaji na kwana a ciki. Wanda aka tambaye shi lambar ƙarfensa, an ɗauke shi a matsayin injiniya ke nan.

Yadda ake yi idan an ga farin garin

Hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wallafa ta a littattafanta na gyara, AC 43.13-1B da AC 43-4B, kuma ana sauke su kyauta a waya. A taƙaice ga yadda take.

A fara wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙarfi, a busar, a goge maiƙo da asiton. Sannan a goge garin da hannu da soson roba irin Scotch-Brite, sabo wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, a tsaya da zarar garin ya tafi. Sai a kashe fitilar ɗaki, a haska tocilan waya daga gefe, a duba da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya ta kusa. Hasken gefe yana fito da ramukan da hasken sama ke ɓoyewa.

Idan tabo ne kawai a sama, an tsira. Idan akwai ramuka, sai an goge har gindinsu sannan a auna abin da ya rage da maikromita. Ƙa'idar da masu gyara suka fi bi ita ce idan abin da ya tafi ya haura kashi goma cikin ɗari na kauri, to a canja ko a yi gyaran ƙwararru. A farantin da kaurinsa milimita 0.6 ne, kashi goman nan bai wuce kaurin gashi ɗaya ba. Idan kuma ƙarfen ya kumbura yana ɓarewa fallaye-fallaye kamar shafukan tsohon littafi, tsatsar ta shiga cikin jikinsa ne, babu gogewar da za ta cece shi. A mayar wa 'yan gwangwan.

Akwai gwaji mai sauƙi na sanin ko wuri ya tsabtata: a zuba ruwa. Idan ya baje shimfiɗa ɗaya, ya yi. Idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo. Bayan haka makanikai kan shafa sinadarin Alodine, wanda ke barin launin ruwan zinariya, sannan fentin ƙasa na ifoksi a ranar, kafin fentin ado. Alodine na gargajiya yana ɗauke da nau'in kuromiyam mai jawo ciwon daji, don haka sai da safar hannu da tabarau, kuma ba a zubar da ruwan ɗaurayarsa a kwata ko kusa da rijiya. Wanda bai same shi ba, tsabtacewa da kyau da fentin ƙasa mai inganci sun fi komai muhimmanci. A kuma shafa fentin a tsakanin farantai da jikin noti kafin a ɗaure, a bar ƙananan ramukan tsiyayar ruwa a wurare mafi ƙasa, a ajiye sauran farantai a tsaye a kan katako.

Wayar da ke ɗaukar bidiyon nuni tana iya yin aikin da ya fi wannan. A yanki ƙananan gutsure huɗu daga faranti ɗaya: ɗaya haka nan, ɗaya da notin baƙin ƙarfe, ɗaya da aka goga da soson ƙarfe, ɗaya mai fentin ƙasa. A riƙa fesa musu ruwan gishiri kullum, ana ɗaukar hoto duk Juma'a har wata ɗaya ko biyu. Kuɗin gwajin bai kai na datar mako ba, kuma wanda ya yi shi sau ɗaya ba zai sake cewa alminiyam ba ya tsatsa ba.

Abin da Dutse ke da shi

Jigawa ba ta rasa inda za a fara ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, da ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure. Akwai filin jirgin sama na Dutse da aka buɗe a 2014, inda ake jigilar alhazai. Tafiyar 'yan awoyi kuma akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 kuma take horar da matuƙa da injiniyoyin gyaran jirgi, da cibiyar fasaha ta sojojin sama, AFIT, a Kaduna.

Akwai ma tarihin da matasa da yawa ba su sani ba. Jirgin Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi shekaru suna koyar da matuƙa da shi, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's, wato jirgin da aka tsara don mutane su harhaɗa a garejin gida. An harhaɗa guda 60 a Kaduna. Jirgin ƙirar gida ya taɓa zama jirgin horon ƙasar nan, domin an yi shi da zane, da ƙarfe mai lamba, da masu duba aiki.

A Amurka ma, inda ƙungiyar EAA ke tara masu wannan sha'awa tun 1953, ba a barin mutum shi kaɗai. Ƙwararru na sa-kai suna ziyartar aikin tun kafin a rufe fiffike, mai dubawa na hukuma ya sa hannu, sannan jirgin ya yi awoyin gwaji, galibi 25 ko 40, a keɓaɓɓen yanki ba tare da fasinja ba. A Najeriya, NCAA ce ke da ikon cewa jirgi ya cancanci tashi, kuma ko jirgi mara matuƙi yana da ƙa'idojin rajista da izini.

Abin da ake buƙata a Dutse bai kai kuɗin bikin ba da kyauta ɗaya ba. Ɗaya daga cikin makarantun nan ta ware rana ɗaya a wata, matasa masu ƙira su zo da gutsuren ƙarfensu a auna musu kauri da tauri, a nuna musu rami a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Gwamnatin jiha, maimakon ambulan ɗin kuɗi, ta sayi 'yan farantan 6061-T6 da ribit na gaske da maikromita ta ajiye a cibiyar koyon sana'a, ta kuma ɗauki nauyin gajeren kwas a Zariya ga waɗanda suka nuna da gaske suke. Ilimin ba zai tsaya a jirgi ba. Mai haɗa sola da mai firam ɗin taga da mai gyaran waya duk da wannan ƙarfen suke aiki, kuma duk suna asarar kuɗi a kan farin garin nan.

Masu kallo ma suna da rabonsu, domin abin da aka fi yaɗawa shi ake ƙara yi. Idan bidiyon fenti da ƙarar inji ne kawai ke samun dubban masu so, to fenti da ƙara za a ci gaba da kawowa. Lokaci na gaba da irin wannan bidiyo ya faɗo a TikTok ko Facebook, bayan an sa albarka, sai a tambayi mai shi lambar alminiyam ɗin da ya yi amfani da shi, da abin da ya shafa kafin fenti, da wanda ya duba masa aikin. Idan kuma an ga yara kusa da farfela, a ce masa ya matsar da su kafin ya kunna.